Igiyar da Baba Iliya Ya Auna Gonarsa da Ita

Yau shekara tara ke nan da rasuwar mahaifinmu, Baba Iliya, dattijon wata 'yar ikilisiya a ƙauyenmu da ke gefen Gafasa. Masu tuna shi suna cewa mai haƙuri ne. Ni da na tashi a gabansa na san mutum ne mai zargi, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba.

Gonarmu tana tsakanin gonaki biyu. Ta gabas ta Malam Sani ce, mai koyar da allo. Ta yamma ta Iya Hajara ce, tsohuwar da mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuma suka tafi birni. Damina huɗu Baba yana zargin Malam Sani da matso da gambar da ke kan iyaka. Suna gaisawa lafiya lau a kasuwar Gaya, amma da mun dawo gida sai ya ce, "Kun ga yadda ya kawar da kai? Mai gaskiya ba ya haka."

Wata bazara ya ɗauko igiyar da kakanmu ya auna gonar da ita, ya ce mu je a kama ɓarawo. Muka auna ta gabas, gamba tana inda take. Muka auna faɗin gonar, sai ga ta ta ƙaru da kunya uku, duk ta wajen Iya Hajara. Garmar Baba ce take gutsurar gonar tsohuwa kaɗan-kaɗan duk shekara.

Na ce, "Baba, ai kuskure ne, shanu ne suke karkacewa."

Ya ce, "Da ta wajena suke karkacewa, da tuni na gani."

Ranar Lahadi a coci bai karɓi jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da Almasihu. Ya miƙe a gaban jama'a ya faɗi abin da ya yi, ya ce zunubinsa bai taɓa zuwar masa da kamannin zunubi ba, kullum da kamannin hakkinsa yake zuwa. Washegari ya mayar wa Iya Hajara kunyoyinta. Zuwa wajen Malam Sani ne ya fi masa wuya, domin mutumin bai ma san ana zarginsa ba. Sai da ya yi mako yana juyayi kafin ya je.

Ina yawan tunanin me Baba zai ce game da yanzu, da masu sayen filaye suke yawo a kan babura daga Gaya har Ajingi, ana auna gona da waya. Ina jin zai yaba wa wayar, sannan ya tambayi wa yake riƙe da ita. Bai yarda zuciyar mutum tana gyaruwa don an sami sabon ma'auni ba, har tasa.

An raba mana gonar bayan rasuwarsa. Ni ina koyarwa a Kano, yayana Yakubu ne yake noma rabona da nasa. Da na so in ce tubar Baba na gada, amma zarginsa ne ya fi kama ni. Bara da na je Kirsimeti, na ce zan zaga in ga kabarin Baba, sai na ɓuge a gona ina ƙirga kunyoyi. Suna nan cif. Na dawo na ci tuwon gidan Yaya Yakubu, ban gaya masa zargin da na yi masa ba.

Baba mako ɗaya ya yi. Ni ga shi na kusa shekara. Yaya Yakubu, na san kana karanta wannan shafi. Ranar Asabar ina nan tafe, kuma ba gona zan je ba.