Siton Taki Bayan La'asar

A shekarun da kuɗin mai suka cika ƙasa, tun ba a yanke jihar Katsina ba, na gama digirina na farko, jami'a kuma ta riƙe ni domin in ci gaba da karatu. Fannin da na zaɓa shi ne nazarin yadda kaya ke barin hannun mai su har su isa ga mai bukatarsu, da abin da ke tsayar da su a hanya. Malamin da ke duba aikina ya haɗa ni da wani ofishi mai raba takin zamani. Gwamnati ta sayo taki mai yawa ta karya farashinsa, ana sauke shi daga jirgin ƙasa a Funtuwa, manyan motoci su rarraba shi zuwa ƙananan sito a ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A yawancin wuraren takin kan ƙare. Amma akwai wani sito a wani ƙauye ta wajen Sabuwa inda buhuna kan zauna har damina ta fita, su sha laima, su daskare kamar dutse.

Ofishin ya riga ya karkata ga rufe wannan sito, a mayar da kasonsa Faskari. Abin da ya rage musu shi ne rahoto daga jami'a da zai tabbatar cewa mutanen wurin ba su da bukata. Idan an rufe, duk mai son taki sai ya bi hanyar Faskari, wadda rafuka kan yanke da zarar ruwa ya zauna. Wannan rahoton shi aka ɗora mini.

Na isa ƙauyen a kan babur ɗin sashenmu, an gama noman fari ke nan. Mai gari ya karɓe ni da mutunci, ya tara mini masu gidaje a zaurensa. Dattawa suka zauna a kan tabarmi da buzaye, 'ya'yansu, waɗansu ma magidanta ne masu iyali, suka tsuguna daga baya wajen ƙofa. Na yi bayanin abin da ya kawo ni, na tambaya ko taki yana isarsu. Wani tsoho mai farin gemu, wanda kowa ke kira Baba, shi ya amsa a madadinsu.

"Alhamdulillahi, Malam. Mun samu, mun zuba, ya ishe mu. Allah shi saka ma gwamnati."

Na juya ga sauran ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce haka ne. Da na ɗaga murya na tambayi na bakin ƙofa, suka sunkuyar da kai, ɗaya daga cikinsu ya ce abin da Baba ya faɗa shi ne.

Da na koma jami'a da wannan amsa, malamina ya yi murna, ya ce aikin ya zo da sauƙi, in rubuta. Na zauna in rubuta, na kasa. Dalili kuwa, a hanyata ta fita daga ƙauyen na ga abin da bai dace da maganar zaure ba. Manyan gonaki kore shar, dawa ta yi ƙarfi. Kusa da su kuma ga waɗansu 'yan ƙananan gonaki, ganyensu ya yi rawaya, karan siriri. Ƙasa ɗaya ce, ruwa ɗaya ya sauka a kansu. Ni ba manomi ba ne, ɗan gidan 'yan kasuwa ne, saboda haka ban amince wa idona gaba ɗaya ba. Amma ban ga yadda zan sa hannu a kan cewa taki ya ishi mutane ba, alhali ban san abin da ya sa waɗancan gonaki suka rame ba. Na roƙi a ƙara mini lokaci. Malamina ya ce ofishin zai zauna kafin kaka, da rahotona ko babu shi.

Na koma na tare a ƙauyen, a ɗakin baƙi na mai gari. Kowace safiya ina zuwa bakin siton in zauna. Mai kula da shi wani mutumin Sabuwa ne, mai raha, wanda ya raɗa mini suna Malam Mai Biro. Yakan buɗe da hantsi, ya shimfiɗa tabarma, ya kunna rediyo. Da ƙyar mutum ɗaya ko biyu su leƙo, su ma dattawa ne da jakunansu. Da azahar ta yi sai ya sa kwaɗo, ya hau kekensa.

"Malam Mai Biro, rubuta: yau ma ƙudaje ne suka zo. Ko su ma za ka yi masu tambayoyin?"

Wata rana bayan ya tafi na ci gaba da zama a inuwar siton, don ban ga abin da zan koma in yi a masauki ba. Can bayan la'asar hanyar da ta wuni babu kowa ta cika. Maza ne matasa da magidanta, kowa da fartanya a kafaɗa, suna wucewa ta gaban rufaffiyar ƙofar. Na gane ɗaya daga cikinsu, babban ɗan Baba, wanda ya amsa mini daga bakin zaure. Na bi shi har wata 'yar gona mai rawayan ganye. Muka gaisa, na tambaye shi ko takin da ya samu ya ishe shi.

"Malam, ai Baba ya riga ya hwaɗi maka."

Na ga ta nan ba hanya, sai na bar zancen taki. Na tambaye shi gonar wa ce wannan. Ya ce gayaunarsa ce, wato 'yar gonar da uba kan yankar wa ɗa ya noma don kansa. Na tambaye shi yaushe yake zuwa. Ya ce daga safe har azahar ta wuce suna gandu, babbar gonar gida, shi da ƙannensa, ƙarƙashin Baba. Sai an tashi an ci abinci an huta sannan kowa ya nufi tasa. Ban tambaye shi kome ba bayan wannan, na dubi faɗin gonar, na ga ko rabin buhu ya yi mata yawa.

Na san gandu da gayauna tun ina yaro, kamar yadda kowa ya sani, amma sai a ranar na ajiye su kusa da lokutan buɗe sito. Siton yana buɗe ne a daidai sa'o'in da mai gayauna ba shi da ikon kansa, kuma buhu sukutum kawai ake sayarwa. Sai dai wannan zato ne nawa. Babu wanda ya faɗa mini, kuma na tabbata babu wanda zai faɗa, domin faɗinsa ƙaryata uba ne. Zato kuwa ba ya shiga rahoto. Na yanke shawarar in daina tambaya, in gwada.

Na roƙi mai siton ya riƙa buɗewa bayan la'asar yana sayarwa kaɗan-kaɗan, ya ce shi ba ya da ikon ƙara ko minti, balle ya farke buhu. "Buhu aka ba ni, buhu zan mayar. Kai gobe kana jami'a, ni za a kama." Na hau babur zuwa ofishin. Jami'in ya saurare ni yana duba agogo, ya ce tsarinsu bai san auna taki da tiya ba, sai buhu. Na koma washegari, na sake komawa, har ya gaji da ganina ya rubuta izinin gwaji na ɗan lokaci, a kan cewa duk abin da ya salwanta yana wuyana. Na tsara gwajin ya zama hawa biyu, domin idan na canza lokaci da ma'auni tare ba zan san wanne ya yi aiki ba. Da farko za a buɗe bayan la'asar, buhu-buhu kamar da. Daga baya a shigo da tiya.

Muka buɗe, mai shela ya zagaya gari ya faɗa. Babu wanda ya zo. Mazan nan suna wucewa da fartanyoyinsu, su yi mana sallama, su kawar da kai daga ƙofar. Na ce to buhun ne ya yi musu yawa, muka farke ɗaya muka ajiye tiya a kai inda kowa zai gani. Nan ma babu wanda ya tsaya. Mai siton ya daina tsokanata, wannan kuwa ya fi tsokanar ciwo. Na fahimci cewa gwajin da na yi ta naci a kansa yana gab da zama hujja mafi ƙarfi ta rufe siton, kuma idan haka ya ƙare, dole in rubuta shi yadda ya faru.

Na yi ta juya abin a raina, har na lura da yadda ɗan Baba ke sauri idan ya zo daidai ƙofar, kamar mai gudun a gan shi. Dattawa sun faɗa wa baƙon gwamnati, a zauren mai gari, cewa taki ya ishe su. Duk ɗan da ya tsaya ya auna tiya a gaban wannan baƙon, ya nuna wa gari cewa maganar ubansa ba ta cika ba. Zamana a bakin siton ma yana cikin abin da ke korarsu. Na yi tunanin in ɓuya kawai, amma na ga ko ba na nan, maganar zaure tana nan.

Na sami Baba a ƙofar gidansa yana tufka igiya. Na tsuguna na gaishe shi, na daɗe ina kewaye kafin na kawo zancen ƙananan gonaki. Ya ajiye igiyar.

"Mi kake nuhi, yaro? Ƙarya na yi maka?"

"Allah ya kiyaye, Baba. Na zaga gandunku da ƙafata, taki ya ishe shi, haka kuma zan rubuta. Gayaunun ne ban tambaya ba, su kuwa ba wanda zai yi magana a kansu sai da izininku."

"To wa ya hana su? Ni na ɗaure masu ƙahwa?"

"Babu wanda ya hana su, Baba. Amma ba a ce su je ba."

Na gaya masa gaskiyar abin da ke tafe, cewa za a rufe siton, kuma baɗi shi kansa sai ya aika Faskari. Ya ce su gwamnati ba ta taɓa shawara da su ba da za ta buɗe, don me za ta yi da za ta rufe. Ya ɗauki igiyarsa ya ce in tafi, ya ji.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina tsaye daga gefe, na ji ya ɗaga murya yana yi wa babban ɗansa faɗa a gaban jama'a. Wai ya bi ta gayaunarsa ya ga abin kunya, dawa kamar tsintsiya, ga taki a sito ana aunawa da tiya, shi yana jiran a kai masa har gado. Ɗan ya sunkuyar da kai yana cewa a yi haƙuri. Waɗansu dattawan suka kama, kowa ya juya kan nasa.

Da la'asar ɗin ranar na nisanci siton, na zauna ƙarƙashin wata ɗorawa inda nake hango ƙofar. Suka zo, da ƙorai da tsofaffin buhunan gishiri. Washegari har da matan Maguzawa daga unguwannin bayan rafi, waɗanda ke noma gonakin kansu, ban ma san da su a lissafina ba. Mai siton yana aunawa yana gumi yana ƙorafi. "Ku bi sannu, hannu biyu gare ni! Wanga Mai Biro ya kashe mani barcin rana." Kafin a gama maimai, wato noma na biyu, buhunan da aka ba da izini a farke sun ƙare.

Wurin rubuta rahoton muka sami saɓani da malamina. Yana son in ce an gano maganin matsalar raba taki a yankin baki ɗaya. Na ce abin da ke hannuna ƙauye ɗaya ne, cikin ɓangaren damina ɗaya. Kuma tsarina na hawa biyu ya rushe, domin mutane ba su zo ba sai bayan lokaci da tiya da maganar Baba sun haɗu, saboda haka ban san nauyin kowanne ba. Haka na rubuta, ya sa hannu yana girgiza kai.

Ranar da ofishin ya zauna aka kira ni. Jami'in da ya ba ni izini ya tambaye ni ko zan iya ba su tabbacin cewa baɗi ma haka za a saya. Na ce ba zan iya ba. Ya ce to mene ne amfanin rahoton. Na ce abu ɗaya nake da tabbaci a kansa: dalilin da za a rufe siton a kansa, wato rashin bukata, ba gaskiya ba ne, kuma na gani da idona. Suka yi 'yar muhawara a tsakaninsu, waɗansu na ganin farke buhu zai buɗe ƙofar ɓarna. A ƙarshe aka bar siton na damina ɗaya, a riƙa buɗewa bayan la'asar, da sharaɗin in maimaita gwajin a Pauwa da Ƙetare na ƙasar Ƙanƙara, a rarrabe yadda ya kamata. Wannan ya ƙara mini shekara guda a kan karatuna, abokaina suka riga ni fita suka kama manyan ayyuka a Kaduna. Na karɓa. Da ruwan farko ya sauka na ɗaure katifata a bayan babur na nufi Ƙanƙara, kuma a kowane ƙauye na fara da gidan dattawa kafin in je sito.