Parabol ɗin da Aka Tuhuma da Shanye Hoton Maƙwabci

Cikin shekarun da na yi ina aiki a tashar talabijin ta Diffa, akwai ranar da har gobe ba ta fita raina: ranar da aka kira ni gaban Bulama in ba da shaida a kan wani parabol, wato faifan nan mai kamo tashoshin tauraron ɗan'adam, da ake tuhuma da sata. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu za ku yi dariya, amma a ranar maƙwabtaka ce ta shekara da shekaru ta kusa tsinkewa.

A tsakiyar shekarun 2000 ne. Lokacin ni teknisiyen ne, ina ƙarƙashin shef na santar, wato shugaban tasharmu, na'urori ne a hannuna. Aikin tasharmu ba shi da wuyar bayani. Mu karɓo shirye-shirye daga tauraron ɗan'adam da babban parabol, mu sake watsa su da doguwar eriya zuwa cikin gari da ƙauyukan bakin kogin Komadugu. Abin da ke sauko mana daga sama ya riga ya koma numerik, wanda ƴan Najeriya ke ce wa dijital, amma abin da muke tura wa gari tsohon tsari ne. A tsohon tsari idan sigina ya yi rauni, hoto ya yi ta yayyafi amma kana gane mutum. Numerik bai san yayyafi ba. Ko hoto ya fito tas, ko ya daskare ya farfashe gida-gida.

Saboda wannan canji aka aiko mana da wani akwatin awo mai rataya da ƙaramin gilashi, muna ce mishi analizar. Idan ka jona shi da fil ɗin parabol, wato wayar da ke sauko da sigina, ba hoto yake nuna maka ba, jerin mitoci yake nunawa daga hagu zuwa dama, kowane sigina a gurbinsa, kamar yadda gonakin bakin kogi ke jere kowa da iyakarsa. Sigina na tsohon tsari yana tashi da tsini kamar suri. Na numerik kuwa faɗi gare shi, samansa a baje, gefensa a tsaye, kamar dakalin ƙofar gida, kuma dakali guda yana ɗauke da tashoshi da yawa. Idan wani baƙon sigina ya faɗo gurbin da ba nasa ba, nan take za ka gan shi tsaye a kan dakalin.

Wata safiya a lokacin kokowar ƙasa, shef ya kira ni biro, wato ofishinsa. Na tarar da ɗan aiken Bulaman wata unguwa zaune.

"Sani," in ji shef, "ɗauki analizar ka bi shi. Wai an kama ɓarawon hoto."

"Ɓarawon me, Shef?"

"Ni ma abin da na tambaya ke nan. Je ka gani. Kuma ka dawo mini da akwatin nan da gilashinsa lafiya, don a Yamai an fi sanin sa da mu."

A hanya ɗan aiken ya warware mini zancen. Alhaji Lawali, ɗan kasuwa ne mutumin Damagaram, yana da kanti a kasuwa kuma yana sayen tattasai yana kai wa Najeriya. Bango ɗaya ya raba shi da Ba Kiari, Babarbare mutumin Shetimari, manomin tattasai, wanda duk shekara Alhaji ke kwashe amfanin gonarsa. Ba Kiari yana da wani tsohon parabol na raga tun na shekarun 1990, faɗinsa kamar jinkar rumbu. Alhaji kuwa ya ce hoton tasharmu kamar kallo ta cikin rariya ne, sai ya sayo dekoda numerik daga Maiduguri da ɗan ƙaramin parabol kamar faifai, ya kafa talabijin a zaure, unguwa ta koma kallo a gidansa.

Da aka fara kokowa sai abin ya ɓaci. Duk sa'ad da ɗan Damagaram ya shiga fili, hoto ya daskare. Kafin ya dawo an yi kaye, an ɗaga hannu, makaɗa sun tashi. Alhaji ya duba sama, ya ga katon parabol ɗin maƙwabcinsa ya buɗe baki a gabas da nasa, sai ya yanke hukunci: babban ne ke shanye hoton kafin ya iso ga ƙarami. Ya ce Ba Kiari manomi ne, ya fi kowa sanin cewa mai motopomp, injin ban-ruwa, a sama shi ke fara jan ruwa, na ƙasa sai abin da ya rage. Kuma da gangan yake yi, don shi ɗan Diffa yake so ya ɗauki takobin da ake ba zakaran kokowa.

Bulama ya riga ya gwada dabararsa. Ya sa an lulluɓe parabol ɗin Ba Kiari da bargo wuni guda, kuma a wunin nan hoton Alhaji bai ko girgiza ba. Daga nan magana ta yi tsami. Alhaji ya rantse bana ba zai sayi tattasan Ba Kiari ba, ga shi kuwa an riga an shanya shi ya yi ja. Matan gidajen biyu sun daina miƙa wa juna tuwo ta kan bango. Ba Kiari kuma ya ce ranar da aka sauke parabol ɗinsa, ranar zai kwashe iyalinsa ya koma Shetimari.

Na tarar da zauren cike, har waje. Bulama na kan buzu, Ba Kiari na zaune a gefe ya ɗora hannuwa bisa gwiwoyi. Ban gama gaisuwa ba Alhaji ya ja ni gefe.

"An ce mini kai ɗan Mirya ne, ta nan wajenmu Damagaram?"

"Haka ne, Alhaji."

"Madalla. To ƙanena, ka san gida."

Ba Kiari ya ji. Ya dubi Bulama ya ce da Hausarsa mai nauyin Barbarci, "Bulama, an kawo Bahaushe ya yi wa Bahaushe shari'a. Bari in je in fara ɗaure kaya."

Na durƙusa na ce, "Ba Kiari, ba ni zan yi magana ba, akwatin nan ne. Shi kuwa ba ya jin Hausa, ba ya jin Barbarci."

Na fara da bayani. Na ce sigina daga sama yake saukowa a kan kowa kamar ruwan sama, kuma don maƙwabcinka ya tara babban baho, ba a rage maka abin da zai zuba a kwanonka ba. Mutane suka gyaɗa kai. Alhaji ya bari na gama, sannan ya ce, "To ranar bargo fa?"

Na ce a ba ni tsani.

Ka'idar aiki ita ce ka fara daga sama ka gangaro. Na duba saitin parabol, daidai yake. Na duba kan da ke karɓar sigina, lafiya lau. Na sauko na jona analizar a bayan dekoda, na nemo gurbin da tashar kokowa take. Dakali ya fito a gilashi, samansa sumul, babu ko tsinke. Na ce sai mu jira a fara.

Bayan la'asar aka fara da Agadas da Tawa. Hoto tas, har gumin ƴan kokowa ana gani. Wani daga baya ya ce ɓarawon ya ga akwati ya tsorata. Alhaji ya ce ai dama ba ya sata sai ƴan Damagaram sun shigo. A ranar kuma, kamar an shirya, karon da ke biye na Damagaram ne da Diffa.

Ɗan Damagaram na farko ya shigo fili yana kirari. Idona na kan gilashi. Sai na ji Alhaji a bayana yana ɗaga murya: "Alo! Mamman! Kana gani? Kana ganin yaron nan?" A daidai lokacin wani siririn abu ya tsiro a tsakiyar dakalin kamar an kafa mashi. Na ɗaga kai, hoto ya daskare, ƙafafu huɗu a ƙasa, kawuna sun farfashe.

"Ya fara!" Alhaji ya yi tsawa yana nuna bango. "Bulama, ka gani da idonka! Ya fara sha!"

"Ni ga ni nan zaune," in ji Ba Kiari. "Da me nake sha?"

Alhaji ya kashe abin da ke hannunsa don ya samu bakin faɗa. Mashin ya faɗi. Hoto ya dawo, ana ɗaga hannun ɗan Damagaram.

Sai a lokacin na lura da abin da yake riƙe da shi. Telefon ne marar igiya, irin wanda ake yawo da shi cikin gida, yana magana da gindinsa ta iska. Na ɗaga wani kyalle mai ado da aka lulluɓe dekoda da shi, sai ga gindin telefon ɗin zaune a kai. Fil ɗin parabol ya nannaɗe shi, kuma a daidai wurin akwai wani haɗi da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda. Telefon ɗin yana magana a mitar da ta faɗo daidai gurbin tashar kokowa a cikin fil, haɗin nan kuma ƙofa ce a buɗe.

Gano abin bai ba ni wuya ba kamar faɗinsa. Dattijo ne, a zaurensa, gaban unguwarsa. Na matsa kusa da Bulama na raɗa mishi a kunne. Ya shafa gemu. Sannan ya ce, "Alhaji, wane ne Mamman?"

"Ƙanena ne, a Damagaram. Tare muke kallo, shi can ni nan."

"Kira mini shi in gaishe shi."

Alhaji ya danna. Hoto ya daskare. Bulama ya karɓa ya gaisa a tsanake, ya miƙa, aka kashe. Hoto ya dawo.

"Af, ban tambayi iyali ba. Sake kira."

Hoto ya daskare. Aka kashe, ya dawo.

"Kuma na manta ban tambaye shi farashin gero ba."

Alhaji ya ɗaga telefon, yatsansa na kan maɓalli, sai ya tsaya. Ya dubi telefon, ya dubi talabijin. Wani tsoho a bakin ƙofa ya kasa riƙewa, dariya ta kubce mishi, zaure duka ya ɗauka har na waje da ba su san abin da ya faru ba.

Na yi sauri na ɗaga fil ɗin na nuna haɗin. Na ce, "Alhaji, da fil ɗin nan lafiyayye ne, da telefon bai samu hanyar shiga ba."

Alhaji ya cafke maganar kamar igiyar rijiya. "Kun ji! Fil ne! Wanda ya ɗaura mini fil ɗin nan Allah ya isa!"

"To ranar bargo fa?" in ji Bulama, yana kwaikwayon muryarsa.

Wani ya amsa daga baya: "Ranar Damagaram ba ta yi karo ba. Bai kira kowa ba."

Bulama ya bari dariya ta lafa, sannan ya ce, "Alhaji, akwai saura."

Alhaji ya san sauran. Ya tashi, ya gyara babbar riga, ya je gaban maƙwabcinsa ya rage tsawo. "Ba Kiari, na zalunce ka. Ka yafe mini. Gobe a kawo tattasai."

"Ni na yafe," in ji Ba Kiari. "Amma ba ni ka kira ɓarawo ba. Ga shi can a kan soro, wuni guda ya yi cikin bargo, da rana."

Mun zaci wasa ne. Alhaji kuwa ya fita tsakar gida, mu duka muna biye, ya ɗaga kai ta kan bango ya ce wa parabol ɗin, "Kai ma ka yi haƙuri." Muka ji matan gidajen biyu suna shewa kowace daga ɓangarenta.

Na yanke haɗin, na sa sabon fil daga jakata, na mai da gindin telefon can ɗakin Alhaji. Na ce ya kira Mamman don gwaji. Ya kira, dakali bai motsa ba. Muka koma muka zauna, Ba Kiari kusa da Alhaji a tabarma ɗaya, daidai lokacin da babban ɗan kokowar Damagaram, wanda Alhaji ke ta yabo tun safe, ya shigo ya kara da wani siririn ɗan Diffa.

Alhaji na riƙe da telefon yana ba Mamman labari. Hoto tas. Ɗan Diffa ya sunkuya, ya kama ƙafa, ya ɗaga, ya shimfiɗa gwarzon nan a kan rairayi. Aka sake nuna kayen a hankali, daga gaba, sannan daga gefe. Ba ko ɗigo ɗaya da ya ɓace.

Alhaji ya sauke telefon daga kunne. Ya juyo ya dube ni.

"Sani."

"Na'am, Alhaji."

"Maido abin nan inda ka ɗauke shi."

Ba Kiari ya yi dariya har rawaninsa ya kwance.

Da na koma santar, shef ya fara duba gilashin analizar, sannan ya tambaye ni ko an samu ɓarawon. Na ce an same shi, kuma mai gida ne ya yi belinsa.

Abin da na ɗauka daga ranar, shi nake gaya wa duk wanda aka ba ni in koya wa aiki. Idan mutum ya zo da bayanin da ya ba ka dariya, kada ka raina shi, don yawanci ya lura da lokacin da abin ke faruwa daidai, dalilin ne kawai ya kuskure. Alhaji bai yi ƙarya ba da ya ce sai Damagaram ta shigo hoto ke tsayawa. Kuma kafin ka tuhumi gidan maƙwabci, ka bi fil ɗin gidan da aka kira ka tun daga sama har ƙasa, ka ɗaga duk kyallen da ka gani. Akwatin awo zai nuna maka inda matsala take cikin ƙiftawar ido. Yadda za ka faɗe ta mutane biyu su tashi su ci gaba da zama bango ɗaya, wannan ba ya fitowa a gilashi. Ni a wurin Bulama na koye shi.