Kejin Gwaggo Samruai

Ni fa abin da ke ba ni haushi da ku, kowa ya iya nuna yatsa. Ku tsaya ku ji ta Gwaggo Samruai tukuna.

Tun tana budurwa take zaune a ƙofar wat, gidan ibadar garinmu, da bokitin kifi da kejin tsuntsaye. Ranar haihuwarka ce, ko ka yi mugun mafarki, ko wani naka ya rasu, ka zo ka saya ka saki ka kwashi lada. Da haka ta aurar da 'ya'ya, da haka ta binne miji.

Sai wata shekara wani ɗan kasuwa ya kawo mata jariran iguwana, korayen ƙadangarun nan na ƙasar waje, ƙanana kamar yatsa. Mutane suka rikice. Ai sakin baƙon dabba ya fi lada, in ji su. Kafin damina ta wuce keji ya zama wayam.

Ashe abin girma yake har ya kai tsawon hannu, ga haihuwa ba kunya. Suka cinye ganyen kabewa, suka rarake gaɓar rafi, ƙananan ƙadangarunmu na gida da ake kamawa a kwaɗa da ɗanyen mangwaro a ci suka yi ɓatan dabo. Hukuma ta ce an hana shigo da su, wanda ya saki kuma ya kuka da kansa.

Ranar da ma'aikatan daji suka zo da raga, Mai Gari Bunchuai ya rako su har gaban bokitinta, rabin gari na biye.

"Yaya Samruai, tattara kayanki. Kin bar ƙofar nan daga yau. Ke kika jawo mana," in ji Mai Gari.

Ko motsi ba ta yi ba, tana ɓare gyaɗarta.

"Ni na jawo? Bunchuai, da ka tsaya takara, guda nawa ka saki a bayan wat? Har kana ce musu su tafi su yi maka addu'a."

Aka fashe da dariya. Ta juya kan wata mata a cikin masu dariyar.

"Ke ma Lamduan, rufe bakin nan. Da mijinki ya bi mai gyaran gashi, ba ke kika zaɓi mai ƙaton kai kika saki ba, wai ya yi kama da shi? Na sayar, ban musa ba. Amma hannuna bai taɓa buɗe keji ba. A kore ni, sai mu jera mu tafi tare."

Mai Gari ya shiga gyaran hula. Babban ma'aikacin ya ce shi ba kora ta kawo shi ba, sakin ne dai an daina.

"An daina," in ji ta. "Ƙaton nan da kuka kama, ku rubuta shi da sunana, doka ta yarda a riƙe ai. Ba zai ƙara taka ƙasa ba."

Yanzu yana nan a kejin ƙarfe kusa da ita, ya yi ƙiba kamar ɗan siyasa. Mai neman lada ya sayi ƙullin alayyafo ya ba shi. Kifi ma na rafinmu kaɗai take ajiyewa. Wasu har yau ba sa gaishe ta, ita ma ba ta kallonsu.

To kai da kake taɓe baki, da an ce a kori duk wanda ya buɗe keji, wa zai rage a garin?