Kifin Kakan Mama a Garejinmu

Duk shekara idan sanyi ya kama, gidanmu na Glenwood, a Amurka, yakan ɗauki warin da ko kyanwar maƙwabta sai ta sake hanya. Mama ce ke jiƙa busasshen kifi a ruwan toka har ya yi laushi, yana rawa kamar kwantan koko. Baba, Bakano, a ranar yake tuna yana da aiki a jami'a.

Kifin gado ne. Mama Baturiya ce, kakanta na wajen uba daga Sweden ya zo yana saurayi, bayan gonarsu ta ƙi ba da abinci. Ya sauka da akwatin katako da kayan kafinta, ya yi ta neman aiki har ya ƙare a masana'antar kujeru kusa da nan. Yarensa ya bi shi kabari. Akwatin ma gara ta ci. Kifin kaɗai ya rage.

Bana Hajiya, mahaifiyar Baba, ta zo daga Kano. Mama ta jiƙa kifin a gareji, sai zuciyarta ta karaya. Ta ce min, "Ki zubar. Kar Hajiya ta ce ɗanta ya auro masu cin ruɓa." Ni da na daɗe ina addu'ar ranar nan, sai na kasa ɗaga bokitin.

Hajiya ta same mu a haka, ta toshe hanci da gyale.

"Innalillahi! Wa ya mutu?"

Hausar Mama ba ta wuce gaisuwa da cefane ba, don haka ni ce tafinta. Mama ta ce kakanta ya zo a jirgin ruwa. Na ce da iyo ya ƙetaro teku, kifin nan a haƙoransa. Mama ta ce kafinta ne. Na ce shi ya sassaƙa rabin kujerun Amurka da hannun hagu.

Hajiya ta kama kunnena. "Ke, 'yar nema! Uwarki ta yi magana taƙi guda, kin miƙo min zira'i goma. Faɗa min daidai."

Na faɗa daidai. Uwarsa ce ta cusa masa kifin a akwati ranar da zai tafi, kuma bai sake ganinta ba. Duk shekara yakan dafa, ya ci shiru, idonsa na zubar da ruwa. In jikoki sun tambaya, sai ya ce warin ne.

Hajiya ta saki kunnena. Ta duƙa ta taɓa ruwan, ta murza yatsu.

"Toka ce. Innata ma da ita take miya." Ta dubi Mama. "Ɗana ma daddawa na sa masa a jaka da zai taho. 'Yar nan, ba a zubar da guzurin uwa. Ɗora tukunya."

Ban ƙara ko kalma ba wajen fassara wannan.

Da daddare aka zuba. Hajiya ta kai loma guda, ta daɗe tana kallon silin.

"Bawan Allahn nan ya sha wahala," in ji ta. "Miƙo min yaji."

Mama ta yi dariya har da hawaye. Na tambaye ta lafiya, ta ce warin ne. Baba kuwa Hajiya ta zuba masa ƙari, ba halin tafiya jami'a.