Mugaddama: Yadda Jar Motar Ta Bar Hannuna

Motar ja ce, mai ƙofa biyu da kujera biyu, irin ta tseren nan da take lafewa a ƙasa kamar kwaɗo. Maigidana ya saye ta ta hannu tun kafin a ɗaura mana aure. Mutum ne mai gyaran wuta a tashar jiragen ruwa ta Jidda, ba ya shan taba, ba ya zaman banza, ko dariya sai ya auna kafin ya yi. Amma a kan motar nan yaro ne. Ranar Juma'a da safe zai fito da bokiti da tsumma ya wanke ta, har da leƙa ƙarƙashinta, 'yan lungunmu na Nuzla suna tsokanarsa wai yaushe kwaɗon zai yi tsalle. Shi dai sai ya yi murmushi ya ci gaba da goge fitila.

Da ya rasu aka zo rabon gado, na ce a sa min motar a cikin rabona. 'Ya'yana biyu, mace da namiji, ba su yi gardama ba. Bayan na fita takaba, lokacin an riga an bar mata su yi tuƙi, na je na koya da furfurata, na karɓo lasin. Motar mai giyar hannu ce, ta ba ni wahala, ta mace min a tsakiyar titi ba sau ɗaya ba, 'yan tasi suna danna min oda kamar na kashe musu uwa. A hankali muka saba. Kujerar direba ta riga ta lotsa daidai jikin maigidana, sai na sa matashi a bayana.

Sai dai tsufa ya kama ta kamar yadda ya kama ni. Na'urar sanyi ta mutu, kuma wanda ya san zafin Jidda ya san abin da nake nufi. Duk tudun rage gudu da ke Nuzla sai ya kankare mata ciki. In aka yi ruwan sama lungu ya cika, ni ce mai tsayuwa a taga ina addu'a. Kayan gyaranta sai an yi cigiya. Shiga cikinta ma aiki ne, fita kuwa sai na dafa ƙofa gwiwoyina suna ƙara. Ɗana ya ce in sayar in sayi 'yar ƙarama mai sanyi wadda zan ɗauki jikoki a ciki. 'Yata ta ce in na sayar ba za ta ƙara kallon ƙofar gidan ba. Ni kuma yau in kwana da niyyar sayarwa, gobe in tayar da injin in ji wannan gurnanin nata, sai niyyar ta watse.

Wanda nake kai wa wannan damuwar shi ne ƙanin maigidana, autan gidansu. Bakanike ne, yana da garejinsa a Khumra, can wajen rumbunan kaya. A gabana ya girma. Lokacin da aka kawo ni gidan ko gemu bai fara ba, ni na riƙa ɓoye masa nama a ƙarƙashin shinkafa. Yana ce min Yaya, ina ce masa Auta, kuma wasan da ke tsakanin mace da ƙanin mijinta mun yi shi har mun gaji: ya ce girkina ya yi gishiri, in ce tumbinsa ya riga shi shiga ɗaki. Duk abin da ya shafi motar shi nake kira, don shi ne jinin mai ita, kuma shi ne ya san ciwonta.

Duk sanda na tambaye shi, amsarsa ɗaya ce. Injin ya gaji, in na kai ta kasuwar gwanjon motoci dillalai za su yi min dariya, in ba masu farfasa mota su sayar da ƙarfe ba babu mai kallonta. Har akwai wani dattijo Balarabe daga unguwar Ruwais da ya gan ni a gidan mai, ya biyo ni cikin ladabi yana tambaya ko ta sayarwa ce. Ya ce yana tara irin waɗannan tsofaffin, yana gyara su. Ban ga ya dace in tsaya ciniki da baƙon namiji a bakin titi ba, sai na haɗa shi da Auta. Da na tambayi Auta yadda suka yi, ya ce in manta da shi, ɗan yawon baki ne, ya zo ya duba ya taɓe baki ya tafi.

A cikin azumi na yi istihara, na yanke shawara. Na ce ba zan sayar ba. In ta mutu ta mutu a ƙofar gidan da ta saba, a lulluɓe ta da tamfol. Auta na fara gaya wa, kafin 'ya'yana ma. Ya ce min a waya Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Mu haifaffun Jidda akwai wata kalma da muka ɗauka a bakin mutanen Hijaz. In wani ya yaba abinka, agogo ne ko mayafi ko mota, sai ka ce masa mugaddam, wato ga shi nan, an miƙa maka. In sunan abin na mace ne, kamar mota, ka ce mugaddama. Shi kuma sai ya ce tithanna, wato ka mori abinka lafiya. Shi ke nan, an gama. Ba kyauta ba ce, ladabi ne, kamar ka ce wa mai wucewa bismillah kana cin abinci. Yaron goye ma ya san ba a karɓa. In baƙo ne da ya sauka jiya daga Kano ya ɗauka da gaske, sai a yi dariya a fahimtar da shi. Auta kuwa a Nuzla aka yanke masa cibiya.

Ranar Sallah na wanke motar da kaina, na tuƙa ta zuwa gidan surukata, Hajiya, inda dangi suke taruwa. Idanunta sun yi rauni sosai, amma kunnenta garau. Tun daga bakin lungu ta gane ƙarar, ta sa aka fito mata da kujera ƙofar gida. Ina ta kokawar fitowa daga motar, mata da maza da yara sun cika wurin, sai Auta ya zagaya ta yana shafa rufin, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Masha Allah, Yaya. Wallahi duk Jidda babu irin wannan motar."

Ban ko yi tunani ba, bakina ne ya yi aikinsa. Na ce, "Mugaddama."

"Na karɓa," in ji shi. "Allah ya saka da alheri. Hajiya, kin ji, Yaya ta ba ni motar marigayi."

Na yi dariya. Na ɗauka wasanmu ne, har na buɗe baki zan ce tumbinsa ba zai shiga bayan sitiyari ba. Sai na ga Hajiya ta miƙo hannuwa tana laluben inda nake. Ta kama yatsuna, hawaye suna bin kumatunta, tana cewa Allah ya yi min albarka, 'yar halak, na mayar da kayan ɗanta hannun ɗan'uwansa, ta san ba banza ɗanta ya zaɓe ni ba. Dattawa suka ɗaga hannu aka shafa fatiha. Auta ya miƙo tafinsa, yana kallon gefen kunnena, ba idona ba. Makullin yana hannuna. A gaban uwar mijina, tana kuka, ranar Sallah, ta ina zan fara cewa wasa nake? Na sa masa a hannu. A motar mijin 'yata na koma gida.

Ɗana ya yi tsalle ya dire, ya ce zai je Khumra ya karɓo ta ko da tsiya. Na hana shi, na ce baffansa ne. Gaskiya kuma ina jira ne. Kullum in na ji an taɓa ƙofa sai in ce ga Auta nan ya dawo da makulli yana dariya, zai ce ya kama ni. Da ya zo ɗin, zancen mayar da takardun motar sunansa ya kawo shi. Ya zauna a falona ya sha shayina, ya ce in kwantar da hankalina, zai gyara ta tsaf, duk Juma'a zai kai ta ƙofar Hajiya ta ji ƙarar ɗanta, ni ma duk ranar da na so in zo in ɗauka. Hajiya kuwa ta riga ta buga wa dangi waya har Makka da Madina tana ba da labarin kirkina. Na amince aka mayar. Na rarrashi kaina da cewa ai gida ba ta bari ba.

Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. In Hajiya ta tambaya, sai ya ce tana gareji, ana jiran wani ƙarfe daga waje. Har yau da nake rubutun nan haka yake gaya mata, ni kuma ban iya buɗe baki na faɗa mata gaskiya ba, don tsohuwa ce mai hawan jini. Ya san ba zan faɗa ba. Da wannan ma ya yi lissafi.

Wata safiya na hau tasi zan je asibiti a duba min gwiwa, muka bi ta Ruwais. Muna tsaye a danja sai na ji gurnanin. Ko cikin motoci dubu zan gane shi. Na ce wa direban ya tsaya, na sauka ina ɗingishi. Tana gaban wani shagon shayi, an sake mata fenti, jan ya dawo kamar ranar da aka kai ni gidan miji a cikinta. Wanda ya kashe injin ya fito, sai ga dattijon nan na gidan mai.

Ya gane ni, ya gaishe ni da fara'a, ya yi min godiya. Ya ce ƙanin mijina mutumin kirki ne, tun kafin azumi suka gama magana, ya gaya masa na amince amma sai an yi haƙuri bayan Sallah, don ina so in yi bankwana da ita. Ya ce injin kuwa lafiyarsa ƙalau, wanda ya riƙe ta ya riƙe ta da amana, na'urar sanyi kawai ya canja. Yana ta magana, bai san yana yanka ni ba.

Tun kafin azumi. Wato lokacin da nake kiransa ina gaya masa abin da ban gaya wa 'ya'yana ba, ya riga ya sayar da abin da ba nasa ba. Da na ce na fasa sayarwa, sai ya zauna ya nemo hanyar da zai bi, ya zaɓi ranar, ya zaɓi ƙofar gidan, ya zaɓi uwarsa makauniya ta zama shaida. Ya san abin da bakina zai faɗa don a gari ɗaya muka koye shi. Na yi baƙin ciki da rabuwa da motar, amma ba shi ne ya tsaya min a wuya ba. Da ya zo ya ce Yaya ina cikin matsi, wallahi da na ba shi, in yi kukana a ɗaki. Yaron da na ɓoye wa nama ne ya yi min tarko da ladabina.

Ban gaya wa dattijon komai ba, ba shi da laifi. Na leƙa ta taga. Bai canja kujerar direba ba, lotsawar tana nan. Na dafa rufin, da zafin rana a jikinsa, na ce masha Allah, ta yi kyau ƙwarai.

Ya sa hannu a ƙirji, ya miƙo min makullin da ɗaya hannun. "Mugaddama, Hajiya."

Makullin maigidana ne, da ɗan zoben azurfar da na saya masa yana lilo a jiki. Kalma biyu kawai zan faɗa, in ce na karɓa, na ji yadda ake faɗarsu, na kuma ga suna aiki. Na daɗe ina kallonsa har dattijon ya fara sauke murmushinsa.

"Tithanna," na ce masa.

Na juya na nemi wata tasin, don waccan ta gaji da jira ta tafi.