Gabas Biyu na Ustaza Sa'adiyya

Katanga ɗaya ce tsakanina da Ustaza Sa'adiyya a unguwarmu ta Hausawa a Gadarif, yau shekara ashirin da wani abu. Na san tarinta, na san ƙarar butarta. Ban da su, babu motsin da ke fitowa daga gidan. Mijinta Abdulganiyyu, direban tarakta a gonakin Gadambaliya, ya rasu tun kafin yaƙi. 'Yarta tilo, Safaa, tana aure a Jidda, sai waya ranar Juma'a idan layi ya ga dama.

Duk maganar da ke bakinta a aji take ƙarar da ita. Shekara talatin tana koya wa 'yan aji biyu labarin ƙasa. Da ta yi ritaya, mako ɗaya ta iya zaman gida, ta koma ta roƙi a bar mata ajin a matsayin 'yar sa kai. Ni kuwa ina sayar da ƙosai da gyaɗa a bakin makarantar, komai a idona ake yi.

Ba ta da taswira, ɗigar rufi ta cinye ta tuntuni. Sai ta fito da yara tsakar makaranta, ta ɗauki karan dawa ta zana a baƙar ƙasarmu: ga dutsen Fau, inda aka haife ta, ga kogin Rahad, ga hanyar Kasala. Ta ajiye tsakuwa a tsakiya ta ce, "Nan muke." Yaran su yi ta leƙen tsakuwar kamar za su hango gidajensu a ciki.

Abu ɗaya ne ke ba ta wuya duk shekara, wato gabas. Kakanninmu daga Kano da Sakkwato suka taso da ƙafa za su Makka, gabas suka nufa, gabas suke duba su yi salla. Suka zauna a nan, inda Makka ta koma kusan arewa da mu, amma baki bai sauya ba. Har gobe tsohuwa za ta ce wa jikanta, "Dubi gabas ka yi salla." Saboda haka yaronmu na zuwa makaranta da gabas ɗinsa a ka. Ustaza ba ta taɓa ce musu kakarsu ta yi kuskure ba. Cewa take, "Gabas biyu ne, ya aulad, yarana. Akwai na salla, akwai na rana." Takan ɗauki watanni kafin su rarrabe.

Da aka sake buɗe makarantun da yaƙi ya rufe, malaman da suka gudo daga Khartum sun fi azuzuwa yawa. Shugaban makaranta ya ce mata muwajjih, wato mai duba malamai, zai zo ya ga darasinta, daga nan a san ko za ta ci gaba da riƙe ajin. Makonta uku kacal da sababbin yara. Ta ce min, "Hajo, in suka karɓe ajin nan, da wa zan yi magana? Da buta?" Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Ya zo ranar Talata, Ustaz Abuelgasim, mutum mai kirki a fuska, ba ya jin Hausa ko kalma. Ya yaba zanen ƙasa. Sannan ya tambayi yaran da Larabci ina gabas. Wata 'yar baki a gaba ta raɗa wa sauran, "Gabas yake nufi!" Yara arba'in suka juya gaba ɗaya, suka miƙa hannu wajen alƙibla, suna murna. Rana kuwa tana dukan kunnuwansu na dama.

Ustaza ta soma bayani, "Ya ustaz, a wurinmu kalmar nan..." Ya ce ma'alesh, ta yi haƙuri, akwai makarantu uku a gabansa, ya rubuta abin da zai rubuta. Na so in jefe shi da matsamin ƙosai, wallahi, amma me ya sani? Abin da ya gani ya rubuta.

Aka ba wata matashiya ajin. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta iya aikinta, ga taswira mai launi. Cikin mako biyu yaran suka daina kuskure.

Wata Lahadi da safe, ranar da makon karatu ke farawa a nan, zan fita da kaskona, na leƙa gidan Ustaza in gaishe ta. Na same ta zaune a bakin gado, ta naɗa farin tobinta, lafayarta ta aiki, jaka a cinya, takalmi a ƙafa. Ƙararrawar makaranta ta buga, mu duka muka ji.

Ta dube ni ta ce, "Mantawa na yi, Hajo. Je ki, kada ƙosanki ya makara."