Eriyar da Alhaji Ya Ɗaga

Mun zo Suleja ne a shekarun da aka kwaso ma'aikata aka zuba su Abuja, alhali Abujar ba ta da ɗakin da za ta ba ƙaramin ma'aikaci. Maigidana gyaran na'urorin sadarwa yake yi a wata ma'aikata. Muka kama ciki da falo a unguwar Hashimi, a gidan wani dattijo mai sayar da kayan gini. Shi da iyalinsa suna benen gaba, mu 'yan haya muna baya, tsakar gida ɗaya ta haɗa mu. Kowa Alhaji yake ce masa, ni kuwa Baba nake kiransa, don tun ranar da muka sauke kaya ya ce shi ne ubana a garin nan.

A lokacin, in kana son sanin arzikin gida a Suleja, sai ka ɗaga kai. Kowa ya ɗaura eriyar talabijin a kan doguwar gora, wani ma sai ya haɗa gora biyu da bututun ƙarfe don ya zarce maƙwabcinsa. Ta Alhaji ce mafi tsawo a layinmu, kuma ya san da haka.

Sai ga mijina, wanda ake wa kirari da Injiniya, ya shimfiɗa tasa eriyar a kwance, daga reshen mangwaro zuwa katangar kicin, tsawon da in dogon mutum ya miƙa hannu zai kusa taɓawa. Waya ce kawai siririya, ta rediyon oba-oba da yake da takardar izinin riƙewa. Matan gidan suka samu abin yi. Wannan ta ce, "Matar Injiniya, a ba mu aron igiyar shanyarku mana." Waccan ta ce ko kuɗin gora ne ya gagara, a yi mana karo-karo. Ina dariya a gabansu, in shiga ɗaki in sauke masa haushin.

Amma wayar nan tana da dalili. Ƙanwata, wadda ni na goye ta bayan rasuwar mahaifiyarmu, tana auren wani malamin asibiti a wani ƙauye can bayan Diko. Ba nisa ne da shi ba, duwatsu ne suka tare shi, ga kuma rafi da yake raba su da titi duk lokacin da damina ta kankama. Ta yi ɓari har sau biyu, ga shi kuma tana da tsohon ciki. Ba tarho, ba motar kullum. Shi ya sa mijina ya haɗa wa mijinta irin na'urarsa, ya koya masa, ya taimaka masa ya samu izini, suka sa lokacin gaisawa: da hantsi da kuma bayan la'asar.

Ranar da na ishi mijina da mita, ya ajiye abin da yake gyarawa ya ce, "In kina bakace, ina kike watsa hatsin?"

"Sama mana."

"Ina yake dawowa?"

"Cikin faifai."

"To, haka maganarmu take. In wayar tana kwance kusa da ƙasa, sai ta cilla murya sama tsaye. A can sama akwai abin da yake dawo da ita, ta zubo a kewayenmu, har bayan duwatsu. In kika tsayar da ita, gefe za ta watsa, ta tsallake 'yar'uwarki ta faɗa wata ƙasa."

Ban ce na gane duka ba, amma faifai na gane shi. Kuma kullum ina jin muryar ƙanwata tangaram, tana ce mini ƙafarta ta kumbura, ko tana kwaɗayin awara. Na daina mita, sai dai ban taɓa yi wa mutanen gidan bayani ba. Shi ma bai yi ba, don mutum ne da magana take yi wa tsada.

Ana tsakiyar damina aka tura shi kwas Legas. Kafin ya tafi ya cika batirin motar da muke kunna rediyon da shi, ya nuna mini inda zan danna, ya ce kada in taɓa komai ban da wannan.

Wata rana na dawo daga kasuwa da azahar, na tarar da tsakar gida fayau, babu waya. Na ɗaga kai. Ga ta can, an ɗaure bakinta guda a ƙolin sabuwar gora a saman bene, ta sauko kusan a tsaye har gindin mangwaro. Alhaji yana tsaye da leburorin shagonsa, gumi ya jiƙa masa riga, fuskarsa cike da fara'a.

"'Yata, kin gani? Na daɗe abin nan yana damuna. Mutum kamar Injiniya a ce eriyarsa tana ƙasa awaki suna wucewa, a gidana? Yanzu ta fi tawa tsawo ma. In ya dawo ki ce masa kyauta ce."

Ya ɗauki tasa darajar ya ba mu, a gaban jama'a. Me zan ce? Na durƙusa na yi godiya. Amma maganar faifai ta faɗo mini a rai.

Bayan la'asar na kunna rediyo. Sai ga muryoyin da ban taɓa ji ba, wasu da Faransanci, wasu da harshen da ban san ko na ina ba ne, duk suna magana kamar a ɗakina. Muryar mijin ƙanwata ce kawai babu. Na danna na kira har maƙogwarona ya bushe. An yi ruwa mai yawa a ranar, sai na lallashi kaina da cewa hadari ne. Washegari da hantsi ma shiru, sai waɗannan baƙin na nesa da ba ruwana da su.

Na haura wajen Hajiya, matar Alhaji, na faɗa mata. Ta riƙe haɓa ta ce, "Kin san halinsa. Jiya har masallaci ya ba da labari. Ki bari mijinki ya dawo, maza su yi ta tsakaninsu."

Gaskiya ta faɗa bisa tarbiyyarmu. Yarinya ba ta kwance abin da babba ya ɗaura, balle abin da ya ɗaura don ya mutunta ta. Na san wannan tun ina ƙarama, kuma har yau ban ce mummunar al'ada ba ce. Amma tsoro ya riga ya fi kunya ƙarfi a jikina. Na ja mayafi na nufi shagonsa.

Yana zaune a kan benci da abokansa. Na durƙusa na ce ina son magana. Ya ce in faɗa, duk iyayena ne.

"Baba, wayar nan ba ta son tsawo. Tun da aka ɗaga ta ban ji ƙanwata ba, kuma watanta ya kama. Don Allah a mayar da ita yadda take."

Wani daga cikinsu ya yi dariya ya ce yau ya ji sabon abu, eriya mai tsoron sama. Alhaji bai yi dariya ba. Na ga kunnuwansa sun motsa, sannan ya zura takalmansa muka nufi gida. Bai kira lebura ko ɗaya ba. Da girmansa da furfurarsa ya hau saman benen nan ya kwance ɗaurin da kansa, ni ina nuna masa reshen da ƙusar katanga.

Ina kunnawa muryar mijin ƙanwata ta cika ɗakin. Bai ma jira lokacinmu ba, ashe tun jiya yake kira ba tsayawa, batirinsa ya kusa mutuwa. Ya ce, "Yaya, naƙuda ce tun jiya da yamma, ɗan ya zo a gicciye, ya fi ƙarfina. Za mu ɗauko ta a kan gado mu haye da kwalekwale. A samo mana mota ta jira a wannan gefen."

Alhaji yana bakin ƙofa, ya ji komai. Kafin in juya ya tayar da a-kori-kurar da yake ɗaukar siminti da ita. Hajiya ta jefa katifa a baya. Shi ya tuƙa, ta Diko, cikin taɓo, har bakin rafin. Shi ya kama gefen gadon da aka sauko da ita. A hanyar dawowa ina riƙe da kanta a cinyata, ina jin sa a gaba yana salati bai fasa ba har ƙofar asibiti.

An yi mata tiyata, ta rayu. Ɗan, namiji, bai zo da rai ba.

Babu wanda ya san ko da an kawo ta tun jiyan zai rayu. Da dare ya yi ba a haye rafin nan, ko an ji kiran ko ba a ji ba. Mijina da ya dawo ya faɗi haka, mijinta ma ya faɗa. Na sha juya maganar a raina shekara da shekaru, ban kai ƙarshenta ba. Na yi fushi da Alhaji, ba zan ɓoye ba, amma fushin ya rasa wurin zama. Mutumin bai yi komai ba sai abin da garin ya koya masa shi ne karamci.

Bayan an sallami ƙanwata, a ɗakina ta yi jinya. Wata safiya na fito na samu Alhaji a tsakar gida yana kwaɓa siminti. Ya kafa gajerun turakun ƙarfe biyu, ya sa mijina ya auna masa tsawon, ya ce reshen mangwaro ba abin dogaro ba ne. Da mijina ya shiga ciki, sai Alhaji ya ce da ni, ba tare da ya ɗago ba, "'Yata, da ban taɓa wayar nan ba fa?"

Na ce, "Baba, kai ka kai ta asibiti."

Ya gyaɗa kai ya ci gaba da shafe gindin turken.

Mun yi shekaru a gidan bayan haka. Ƙanwata ta haihu daga baya, lafiya lau, kuma ta wannan wayar muka ji. Amma gorar da ya kafa mana a saman bene, bai yarda an cire ta ba. Tana nan tsaye ba komai a kanta har muka tashi, kuma na lura duk sanda zai ratsa tsakar gida ba ya ɗaga kai.